Babi na Shida: Jini a Tafin Hannun Yaro

Yaron da ya tashi a Amarawa ba baƙon jini ba ne. Kowace Lahadi kasuwar Illela na ci, shanu da tumaki da raƙuma na kwararowa daga Nijar ta Birnin Ƙonni, mahauta kuma na aikinsu a bainar jama'a. Ranar layya yana tsaye kusa da ramin da aka haƙa wa jinin rago. Ya ga wanzami yana ƙaho, ya sha yin tuntuɓe farcensa ya fashe. Amma ka tambaye shi mene ne jini, zai ce maka jan ruwa ne. Manya da yawa ma amsarsu ke nan, kuma ba laifinsu ba ne, domin iyakar abin da ido ke nunawa ke nan.

Matsalar ita ce cututtukan da suka fi addabar yaran wannan yanki, wato zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da amosanin jini, duk a cikin abin da ido ba ya gani suke ɓarnarsu. Wanda ya ɗauki jini a matsayin jan ruwa ba zai gane yadda sauro ke ƙarar da shi ba. Ba zai kuma gane dalilin da ya sa ɗan ajinsu ke birgima saboda ciwon ƙashi duk lokacin hunturu ba. Inda bayani ya ɓace kuwa, sai zargin iska da maita su maye gurbinsa.

Makarantun firamare na ƙauyukanmu ba su da madubin ƙara girma irin na ɗakin gwaji. Abin da suke da shi yara ne da suka iya gina shanu da raƙuma da yumɓu tun kafin su iya rubuta sunansu. Wannan babi zai nuna yadda malami, ko uwa a tsakar gida, zai juya wannan gwaninta ta zama darasin jini ga 'yan shekara 7 zuwa 11, da kayan da ba su wuce na kasuwa da bakin tafki ba.

Kwalba biyu

A fara da abin da yara suka riga suka gani. A tambaye su: in jinin rago ya jima a kwano, me ke faruwa? Za a sami wanda zai ce yana daskarewa ya zama guda, wani ruwa-ruwa mai ɗorawa ya taso a gefe. To ƙofar darasin ke nan. Jini gauraye ne na ruwa da ƙwayoyi. Kashi 55 cikin 100 ruwa ne mai launin ɗorawa, wanda likitoci ke kira filasma, sauran kashi 45 kuma ƙwayoyi ne, kusan dukansu jajaye.

A samo ƙananan kwalabe biyu masu murfi, a wanke su tas. A ta farko a zuba zoɓo mai kauri ya kusa kai rabi, a cike da man gyaɗa. A ba yaro ya girgiza da ƙarfi: komai zai haɗe ya yi ja. A ajiye a kan benci, kafin a gama kiran suna ja ya kwanta ƙasa, rawaya ya taso sama. Abin da injin ɗakin gwaji ke yi ke nan in ya juya jini da gudu a cikin siririn bututu. Kason jan da ya kwanta cikin jinin duka shi ne abin da ma'aikatan asibiti ke kira PCV, kalmar da iyaye da yawa suka sha ji a bakin gadon ɗansu ba tare da an fassara musu ita ba.

A kwalba ta biyu a zuba zoɓo kashi ɗaya cikin biyar kawai, a cike da mai. A jera su biyun. Kwalaben cike suke daidai wa daida, amma ɗaya ta fi ɗaya ja. Nan yaro zai gane cewa in an ce wani ba shi da jini, ba bushewa jijiyoyinsa suka yi ba, jajayen ƙwayoyinsa ne suka yi ƙaranci. Sai a ce kowa ya dubi tafin hannunsa, ya ja fatar idon abokinsa ta ƙasa a hankali ya ga launinta. Wuraren da ma'aikacin lafiya ke fara dubawa ke nan.

Wajibi ne malami ya faɗi inda kwalbar ta saɓa wa gaskiya: ruwan jini ba mai ba ne. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne zalla, sauran kuma gishiri da sukari da sinadaran gina jiki. Duk abin kwaikwayo yana da inda ya yi daidai da inda ya kauce, kuma yaron da aka saba masa da tambayar "ina wannan ya kauce?" ya fara kimiyya ke nan.

Ɗari bakwai, arba'in, ɗaya

Ƙwayoyin jini iri uku ne: jajaye masu ɗaukar iskar oksijin, farare masu yaƙar cuta, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu tsayar da zubar jini. Zanen da ke cikin littattafai yakan nuna su kusan kai ɗaya a yawa, ga ja uku ga fari biyu. Ba haka abin yake ba. A ɗigon da bai wuce kan allura ba akwai jajaye kimanin miliyan 5, masu tsayar da jini 150,000 zuwa 450,000, farare kuwa 4,000 zuwa 11,000 kacal.

Miliyan ba ta da ma'ana ga ɗan aji uku, amma ƙirga tana da ita. A raba yara rukuni bakwai, kowane rukuni ya ƙirga ƙwayar jar dawa 100. A haɗa a faifai ɗaya, 700 ke nan. Wani yaro ya ƙirga gero 40 ya zuba. Daga nan malami ya ɗaga farin wake guda ɗaya tak, ya jefa a ciki, a gauraya. Kimanin rabon da ke cikin jinin mai lafiya ke nan. A ce su nemo waken. Yayin da suke tono, wani zai ɗago kai ya ce, "Malam, mi yas sa fari guda ɗai na?" Tambayar da ake jira ke nan. Amsa ita ce aikin jajaye ba ya tsayawa ko daƙiƙa ɗaya, kowane lungu na jiki yana jiran iska, su kuwa farare jiki yakan ƙara yawansu ne in cuta ta shigo. A ƙara wake biyu a faifan, a ce ga jinin mai fama da ƙurji ko ciwon huhu. Shi ya sa likita ke aikawa a ƙirga su.

Gina jar ƙwaya

Yanzu sai yumɓu. In an sami jar ƙasa ya fi, in ba a samu ba kowace laka mai danƙo ta isa. Kowane yaro ya mulmula curi kamar girman goro, ya matse shi ya yi faɗi, sannan ya danna tsakiyarsa da babban yatsa da manuni, sama da ƙasa, ba tare da ya huda ba. Siffar jar ƙwayar jini ke nan: gefe mai kauri, tsakiya mai loɓawa.

Loɓawar tana da dalili. Yawancin nau'o'in ƙwayoyin jikin mutum suna da cibiya a tsakiya, amma jar ƙwaya tana yar da tata tun tana cikin ɓargo, don ta sami wurin cika cikinta da himogulobin. Shi ne sinadarin da ke ɗauke da ƙarfe, shi ke kama iska a huhu ya sauke ta a tsoka da ƙwaƙwalwa, kuma shi ke ba jini launinsa. In yana ɗauke da iska sai ya yi ja wur, in ya sauke sai ya yi duhu. Saboda haka jinin da ya yi duhu ba lalacewa ya yi ba, ya sauke kaya ne yana hanyar komawa huhu.

A nan ne darasin abinci ke shigowa da kansa. Ɓargo na ƙera jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa, domin kowace ɗaya kwana 120 take yi ta tsufa, saifa da hanta su kwashe ta. Wannan aiki yana bukatar ƙarfe, ana kuma samunsa a hanta da nama da kifi da wake da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Yaron da ya san cewa a cikin ƙashinsa ake wannan ƙira, kallon da zai yi wa kwaɗon zogale daban ne.

A auna abin da suka gina. In faɗinsa santimita 4 ne, to ya ninka na gaskiya sau 5,000, domin sai an jera jajayen ƙwayoyi kimanin 130 kafin su cika milimita ɗaya. Da za a ƙara girman yaro mai tsawon mita ɗaya da santimita 20 da irin wannan ninki, da tsawonsa ya kai kilomita 6. A bar su su yi dariya, adadin zai zauna musu.

Akwai abin da yaran bakin iyaka za su fi kowa jin daɗinsa. Jar ƙwayar raƙumi ba zagayayya ba ce, doguwa ce mai siffar ƙwai, kuma tana iya kumbura sosai ba ta fashe ba in ya kwankwaɗi ruwa mai yawa bayan doguwar ƙishirwa. Ta kaza ma mai siffar ƙwai ce, amma ita tana riƙe da cibiyarta. A sa rukuni ɗaya su gina ta mutum, ɗaya ta raƙumi, ɗaya ta kaza da tsakuwa a tsakiya, a jera a inuwa.

Yana da kyau su san wanda ya fara bayyana waɗannan abubuwa dalla-dalla. Antonie van Leeuwenhoek mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, bai yi jami'a ba. Da hannunsa yake goge gilashi yana haɗa madubinsa, a 1674 kuma ya rubuta bayanin ƙananan ƙwayoyin da ya gani a jinin mutum. A zamaninmu, Manu Prakash na Jami'ar Stanford a Amurka ya fito da Foldscope a 2014, madubin takarda da ake naɗewa, wanda kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, yana kuma ƙara girman abu sau 140. Makarantar da ta samu irinsa sai ta nemi gilashin jini da aka riga aka busar aka rina a ɗakin gwaji. Kada a taɓa soka wa yaro allura a aji, kada kuma a kawo ɗanyen jini, na mutum ko na dabba.

Fari da 'yan mitsi-mitsi

Farar ƙwaya ta fi ja girma, tana da cibiya, kuma ba ta da tsayayyar siffa. A gina ta da farar ƙasa ko ƙullun gari mai laushi. A ajiye tsakuwa a gabanta a matsayin ƙwayar cuta, yaro ya ja gefen ƙullun ya zagaye tsakuwar har ta ɓace a ciki. Haka wasu fararen ƙwayoyi ke haɗiye ƙwayoyin cuta, abin da masanin Rasha Ilya Mechnikov ya gano a 1882. Mugunyar da ke fita daga ƙurji yawancinta gawarwakin waɗannan ƙwayoyi ne da suka mutu a fagen fama. Wasu fararen kuma aikinsu tuna fuskar cuta ne, don in ta dawo su gane ta da wuri. Allurar rigakafi da ɗigon foliyo su suke koya wa wannan fuska tun cutar ba ta zo ba.

Masu tsayar da jini kuwa, a huda gindin gwangwani, a shafa ƙaro a bakin hudar, a yayyafa gero ya manne, a shimfiɗa zaren auduga a kai a gicciye, sannan a zuba jar dawa. Dawar za ta maƙale a zaren, hudar ta toshe. Ɓawon da ke kan gwiwar kowane yaro a ajin haka ya samu, kuma dalilin da ya sa ake hana su ɓamɓare shi ke nan.

Sauro da lauje

Duk abin da ya gabata shimfiɗa ce ga wannan sashe. A ɗauki jar ƙwayar yumɓu ɗanya, a tura ƙwayar gero ɗaya a cikinta a rufe. A gaya wa yara cewa wannan ita ce ƙwayar maleriya da macen sauro ta zuba, ta fara zama a hanta, sannan ta shigo jini. A ƙara gero goma a ciki, a murƙushe yumɓun ya tarwatse, kowace ƙwayar gero ta nufi wata jar ƙwaya. Kimanin kowace awa 48 haka ke faruwa a jikin mai zazzaɓi. Likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ne ya fara ganin wannan halitta a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880. A dawo da kwalba ta biyu a ajiye kusa da tarkacen. Ba sai an yi dogon bayani ba, yara za su haɗa zazzaɓin damina da ƙarin jinin da aka yi wa ƙanensu. Za su kuma gane amfanin gidan sauro, da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata a damina, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa ga ƙasashen Sahel a 2012.

Amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, yana bukatar shirin kwana biyu. Ranar farko kowane yaro ya gina ƙwaya ɗaya mai lanƙwasa kamar lauje, mai tsini biyu, a shanya a rana ta bushe ƙamas. Kashegari ya gina sabuwa zagayayya mai laushi. A yi zobe da kaba wanda bai kai faɗin ƙwayar ba, domin ƙananan hanyoyin jini sun fi jar ƙwaya ƙunci, sai ta lanƙwashe take wucewa. Mai laushin za ta naɗe ta wuce. Busasshiyar za ta cije, in aka turo wasu a bayanta su taru su toshe hanya, in aka matsa ta karye. Ciwon sikila ke nan a tafin hannu: toshewar ita ce azabar da ke kama ƙashi da ƙirji, karyewar kuma ita ce ƙarancin jini da rawayar ido, domin irin wannan ƙwaya kwana 10 zuwa 20 kawai take yi.

James Herrick ne ya fara bayyana cutar a rubuce a Chicago a 1910, bayan an duba jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. Amma a nan ne gidanta. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadonta, wato AS. Dalilin yawanta ma sauro ne. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga maleriya mai tsanani, don haka gadon ya yaɗu a inda sauro ya yi katutu. Cutar ba ta san shingen kwastan ba: yadda ake jinyarta a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, haka Nijar ta keɓe mata cibiya ta ƙasa a Yamai.

Jaka biyu

Wasan ƙarshe na 'yan aji biyar da shida ne. A samo jaka biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa. A kowace a zuba farin wake 10 da jan wake 10. Fari shi ne A, ja shi ne S, iyayen duka AS ke nan. Yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga kowace jaka, a rubuta a allo, a mayar da waken, a girgiza. Fari biyu AA, fari da ja AS, ja biyu SS, wato mai sikila. In aka yi sau 40, ja biyu zai fito wajen sau 10, ko ya ɗara ko ya gaza kaɗan.

Mayar da waken shi ne zuciyar wasan. Mutane da yawa sun ji an ce ɗaya cikin huɗu, sai suka ɗauka in an haifi mai sikila ɗaya, uku masu zuwa sun tsira. Jakar ba ta tuna abin da ta bayar ɗazu. A raba yara gida-gida, kowane gida ya zara sau huɗu: wani gida ba zai sami SS ko ɗaya ba, wani ya samu biyu ko uku a jere. Daga nan a canza jakar uwa ta zama fari zalla, a ce su nemo ja biyu. Za su zara har su gaji ba su samu ba. Hikimar gwajin jini kafin aure ke nan, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, kuma ya fi muhimmanci a inda auren zumunci ya yawaita. Za su kuma ga cewa wake ɗaya daga jakar uba ya fito, don haka ba daidai ba ne a ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, kamar yadda akan yi wa matar da ake kira mai wabi.

Sai malami ya yi hattara. Mai yiwuwa a cikin ajin akwai mai SS, akwai kuma wanda ya rasa ɗan'uwa. Kada a nuna kowa, kada a tambayi yaro nau'in jininsa a gaban jama'a. A faɗa a fili cewa sikila ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko wasa, mai AS lafiyarsa ƙalau, mai SS kuma yana girma ya yi karatu ya yi sana'a in ana kula da shi: yawan shan ruwa, rigar sanyi da hunturu, kwana a gidan sauro, shan magungunan da asibiti ta rubuta, da gaggawar kai shi asibiti in jikinsa ya yi zafi. A tambayi ajin abin da za su yi wa aboki mai wannan lalura. Amsoshin da za su bayar, irin su ɗebo masa ruwa, ko rufe tagar da iska ke shigowa, ko rugawa a kira malam, su ne ma'aunin ko darasin ya shiga.

Kayan da aka gina kada a zubar. Kowane yaro ya tafi gida da ƙwaya biyu, zagayayya da mai lanƙwasa, da aikin gida guda ɗaya: ya bayyana wa innarsa ko kakarsa bambancinsu. Yawancin iyayen nan ba za su taɓa leƙa madubin ɗakin gwaji ba, amma su ne ke yanke shawarar ko a kai yaro asibiti yau ko a jira gobe, su ne kuma ke ba da aure. A babi na gaba za mu bi jinin nan zuwa famfon da ke tura shi, mu ga yadda ake gina zuciya da gorar ruwa da tiyo.